Baturen Lukmanu

Murja ta fita takaba ranar wata Laraba, ta yi wanka, ta sa lalle saboda 'yan uwa sun matsa mata, washegari kuma ta koma bakin aikinta a sashen ƙididdiga na ma'aikatarsu kamar wadda ta dawo daga hutu. Tun ranar da motar haya ta kife da mijinta Lukmanu a gangaren Kugbo ba ta yi kuka ba. Ba dauriya ba ce, ba kuma taurin zuciya ba, abin dai bai zo ba ne. Tana cin abinci, tana amsa gaisuwa, tana cewa amin a inda ake cewa amin, amma komai daga nesa take jin sa. Matan layinsu a Karu sun yi ƙus-ƙus ɗinsu a kanta har sun gaji sun koma kan wata.

Lukmanu ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan da aka yi ta ƙirƙirowa bayan soja sun koma bariki, lokacin da kuɗin mai ya cika wa gwamnati aljihu, Abuja kuma ko'ina ka waiga gini ake yi. Ƙasa ta shiga harkar tauraron ɗan'adam, sai aka ga ya dace a buɗe ofishin da zai wayar wa talaka kai a kan sararin samaniya. Talakan da ke neman ruwan famfo, amma dai aka buɗe, aka naɗa shugaba, aka sayi motoci da labule masu nauyi. Aikin Lukmanu shi ne rubuta jawabin da shugaban zai karanta a taro. A gida kuwa mutum ne da za ka iya wuni da shi ba ka ji fiye da sallama da "an yi kiran salla kuwa?" ba. Ranar da Murja ta je kwashe kayansa ta tarar an riga an ba wani teburinsa, an ɓamɓare sunansa daga jikin ƙofa, sai tabon gam. Ta kalli tabon, ta ɗauki dardumarsa da kofin shayinsa ta fito.

Wata Asabar sai ga Rosemary, sakatariyar shugaban hukumar, ta zo gidan da ledar lemo. 'Yar kudancin Kaduna ce, mai kirki, mai yawan gaggawa. Bayan ta sake yin ta'aziyya ta faɗi abin da ya kawo ta. An kusa gama sabuwar hedikwatar hukumar, kuma a zauren shiga za a kafa wani babban allo na dutse, a sassaƙa maganar nan da Oga ke rufe kowane jawabi da ita. Murja ta san maganar, don ta sha jin ta a talabijin tana tankaɗe ko tana guga. Da Turanci ake faɗinta, ma'anarta kuwa ita ce: duk wanda ya tashi zuwa taurari ya bar wani a ƙofar gida yana kallon sama, kuma tafiyar tasu ce su biyu. Kullum Oga yakan ɗaga yatsa ya ce in ji Wilfred Harcombe, Baturen Ingila mai rubuta ƙagaggun labaran kimiyya, irin waɗanda jirage ke zuwa wasu duniyoyi a ciki.

Matsalar ita ce ranar buɗe ginin za a yi baƙi daga ƙasashen waje, shi ya sa wani mai shisshigi a kwamiti ya tambaya daga wane littafi aka ɗauko maganar, kuma wace shekara aka buga shi. Duk hukumar ba wanda ya sani, sai kallon juna.

"Oga Lukman ne ya kawo shi, madam," in ji Rosemary. "Kila littafin yana nan a kayansa. In ba a samu ba kafin ƙarshen wata, za su cire shi su sa maganar Minista."

Murja ta ce to, za ta duba. Sai da ta raka baƙuwar ta dawo tana wanke kofuna, sannan ta lura wani abu ya ɗan tsunkule ta, irin yadda ƙafar da ta yi sanyi saboda dogon zama ke fara motsi. Teburi ya tafi, suna ya tafi. Mutum ya yi shekara da shekaru yana shiga ofishin nan da sassafe, abin da ya rage nasa a ciki shi ne wannan maganar da ya tsinto ya kawo, ita ma ana shirin share ta. Murja ba ta san dalili ba, amma ta ji ba za ta yarda ba. Wannan ne abu na farko da ta ji tana so tun rasuwar.

Ta fara da kwalayen littattafansa. Akwai ƙamus, akwai tafsiri, akwai kundayen zantukan manyan mutane da suka sha ja da biro, sannan ga tsofaffin littattafan labaran kimiyya da yake sayowa a hannun masu shimfiɗa a bakin titi, bangonsu duk zanen jirage da mutane masu koren jiki. Kullum in ta taso aiki, bayan la'asar, sai ta zauna a tabarma ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta karanta labarin, sunan kawai take nema. Warin tsohuwar takarda ya kama mata hannu, amma Harcombe ko sama ko ƙasa.

Daga nan ta koma shagon intanet da ke kusa da kasuwar Karu, inda janareta ke ihu, shafi ɗaya kuma sai ka yi hamma ka gama bai buɗe ba. Sunan ya fito. Amma da ta duba sai ta ga jaridun gida ne kawai. Wannan ta ruwaito jawabin Oga, wancan marubucin ya ɗauko daga waccan jaridar ya ƙara da cewa Harcombe shahararre ne, wata makaranta a Keffi kuma ta sa maganar a takardar bikin yaye ɗalibai. Ba ko ɗaya daga Ingila. Murja ma'aikaciyar ƙididdiga ce, ba ta iya ganin abu a warwatse ta ƙyale shi, don haka ta jera su bisa kwanan wata, tana ja da baya. Kowace hanya ta bi, sai ta ɓulle a bakin Oga. Baturen da ya shahara haka, amma duk duniya ba wanda ya taɓa jin sa sai mutanen Abuja da na Keffi.

Ta kira Rosemary ta roƙe ta ta duba mata jawabi na farko da maganar ta fito a ciki. Rosemary ta ce na ban-kwana ne da injiniyoyin da aka tura horo ƙasar waje, kuma a lokacin su biyu ne a ɗakin rubutu, Oga Lukman da Oga Hassan. Shi Oga Hassan ya ajiye aiki tuni, yana kiwon kaji a Orozo.

Damina ce, hanyar duk laka. Murja ta tarar da Malam Hassan cikin takalmin roba yana duba wa kaji ruwa, dattijo mai furfura a gemu, wanda ya koya wa Lukmanu aiki. Ya shimfiɗa mata tabarma a rumfa, ya yi wa mamaci addu'a mai tsawo. Da ta ambaci sunan Harcombe sai dariya ta kubce masa. Ya yi sauri ya kama bakinsa ya yi istigfari, ya ce ta yafe masa, ba da ita yake ba.

Ya ce mata ai masu rubuta wa manya jawabi suna da wata al'ada da ba a koyar da ita a jami'a. In ƙaramin ma'aikaci ya rubuta jimla mai daɗi, Oga zai sa jan biro a ƙarƙashinta ya tambaya wa ya faɗa. In ka ce kai ne, sai ya dube ka sama da ƙasa ya soke ta, don babban mutum ba ya tsayawa gaban Minista ya maimaita hikimar yaronsa. To su kuma sun gaji da ganin ana yanka musu jimlolinsu, sai suka samo dabara. Duk maganar da suke so ta tsira, sai su ɗaura mata Bature. Haka suke kiran abin a tsakaninsu. A ɗauko suna daga nan, a ɗauko sunan uba daga can, a haɗa. Wilfred sunan wani hedimasta ne da ya taɓa zane Malam Hassan a firamare, Harcombe kuwa a jikin tsohuwar durowar ƙarfe ta ofis yake rubuce. Sun mai da shi marubucin labaran kimiyya ne saboda sun tabbata ba Ogan da zai ɓata lokacinsa ya karanta irin waɗannan. Ya ce ba su ne suka fara ba, kuma in za a tono Turawan da aka haifa a ma'aikatun Abuja, za su cika bas.

Murja ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaya, to maganar ta wace ce.

"Tasa ce, Hajiya. Ni suna kawai na taya shi nema."

Ta gyara zama a tabarmar. Shi kuwa dattijon, da ya ga ba ta tashi ba, sai ya ci gaba. Ya ce ba zai manta ranar ba, don ranar ce ita Murja ta tashi zuwa kwas ɗin nan na shekara guda a Indiya. Daga filin jirgi Lukmanu ofis ya wuce, ko gida bai biya ba. Aka ba shi jawabin injiniyoyi ya rubuta, ya zauna gaban takarda har aka yi azahar, abincin da aka sayo masa ya huce a leda. Da Malam Hassan ya leƙa ta kafaɗarsa sai ya ga layi ɗaya kacal ya rubuta.

"Na ce masa, Lukman, wannan ai ba ta injiniyoyi ba ce. Bai ko ɗago ba, ya ce, Yaya, a ɗaura mata Bature kawai."

Murja ta tuna filin jirgin sarai. Ta tuna yadda ya miƙo mata fasfo ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya juya tun ba ta shige ba. Ta waiga ta ga ƙeyarsa. A jirgi ta yi ta cizon leɓe, ta ce a ranta wannan mutum ko akuya ya raka kasuwa ya fi haka nuna damuwa. Ta riƙe abin duk tsawon shekarar, ta dawo da shi a cikin kayanta, ta ci gaba da riƙo har ya mutu, ba ta taɓa faɗa masa ba, don ita ma ba gwanar faɗa ba ce. Ashe maganar da take ji a talabijin tana guga, ita ake yi wa. Yanzu tana zaune a rumfar kaji ta jira ta ji wani abu ya fashe a ƙirjinta. Bai fashe ba. Ta dai lura kajin sun cika surutu. Malam Hassan ya haɗa mata ƙwai a kwali, ta yi godiya ta kama hanya.

Ranar Litinin ta nemi ganin shugaban hukumar, Dakta Aminullahi. Ba mugun mutum ba ne, shi ya biya kuɗin motar da ta kai gawa gida. Mutum ne dai da ya daɗe a kujera mai juyawa har ya saba duniya ta riƙa juyowa inda yake. Ofishinsa sanyi kamar cikin firiji. Murja ta zauna a bakin kujera ta faɗa masa komai tiryan-tiryan, da muryar da take karanta alƙaluma a taron sashe. Ta ƙare da cewa tana roƙon a sassaƙa maganar, a sa sunan mai ita a ƙasa.

Dakta ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin babbar riga. Ya ce Allah ya jiƙan Lukman, yaro ne mai basira. Sannan ya yi mata bayani a hankali, kamar likita. Shi ya ambaci Harcombe gaban ministoci, ya ambace shi a taron ƙasa da ƙasa. In aka wayi gari aka ce babu wani Harcombe, 'yan jarida za su yi watanni suna shan romo a kansa, hukumar kuma dama akwai masu neman a rufe ta. Ban da haka, akwai tsari. Allon da wakilin Minista zai yaye, ba a sa sunan ma'aikacin da bai kai ko mataimakin darakta ba a jikinsa. Murja ta ce to a sassaƙa ta haka nan ba suna. Ya girgiza kai, ya ce magana marar uba a ginin gwamnati kowa zai ɗauka tasa ce shi shugaba, mutanen Minista kuma za su tambaya me ya sa ba ta ubangidansu ba.

"Hanya biyu ce, Hajiya," ya ce. "Ko Baturen da littafinsa da shekararsa, ko kuma maganar Minista. Ke za ki zaɓa. Ni dai yau ban ji komai ba."

Ta ce ta gode, ranka ya daɗe, ta fito.

A ofishin waje Rosemary na zaune gaban kwamfuta, mai sassaƙa ya buga mata waya ya fi a ƙirga. Ta ɗago tana kallon Murja da fatan alheri. Murja ta tsaya riƙe da jaka. Ta san in ta ce ba ta samu ba, ta riƙe gaskiyarta, maganar ta zama tata ita kaɗai, ta tafi da ita Karu ta ajiye. Amma za a manta da ita kafin baɗi, a kafa wata jimla a kan ci gaba mai ɗorewa a wurin. In kuma ta ba da abin da ake nema, maganar za ta zauna a dutse har bayan ranta, da sunan wani. Ta auna su biyun kamar yadda take auna alƙaluman da duk ta san na bogi ne, ta ɗauki wanda ya fi tsawon rai.

Ta ce ta samu. Ta ƙago sunan littafi nan take, da Turanci mai sauƙi, ta ba shi shekara tun kafin a ba ƙasa 'yanci, yadda ba wanda zai wahalar da kansa nema. Abin ya zo mata da sauƙi har ya ba ta mamaki. Rosemary ta buga, ta karanto mata don tabbatarwa, ta sauke ajiyar zuciya.

"Kai, madam, kin cece mu. Oga Lukman zai ji daɗi."

Murja ta ce Allah ya sa.

Ranar buɗe ginin an kafa rumfuna, an kawo 'yan sanda masu badujala, an zuba jawabai har kujerun roba suka fara gasa mutane. An ba Murja kujera a layi na baya, tare da matan ma'aikata. Daga ƙarshe aka ɗunguma zuwa zaure, wakilin Minista ya ja igiya, farin ƙyalle ya zame. Baƙin dutse ne mai sheƙi, haruffan ruwan zinare. Aka tafa. Wani dogon Bature daga cikin baƙin ya karanta, ya gyaɗa kai, ya gaya wa Dakta Aminullahi cewa yana jin ya taɓa karanta wannan marubucin yana yaro. Dakta ya yi dariya ya dafa masa kafaɗa, bai ko kalli inda Murja take ba.

Da aka ce abinci ya sauka, zauren ya watse kamar an yi gobara. Murja ta rage ita kaɗai gaban allon. Ta matsa kusa ta karanta daga farko, a hankali, kamar ba ta taɓa ji ba. Ta zo ƙasa ta ga sunan, da littafin da ta ƙaga, da shekarar da ta ƙaga, duk sun zauna daram kamar da su aka halicci dutsen. A nan ne baƙin ciki ya same ta, ba da hayaniya ba. Sau ɗaya tak mutumin nan ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa game da ita, bai iya kawo mata ba, ita kuma da ta samu, da bakinta ta bayar.

Ta miƙa hannu ta rufe sunan da tafinta. Hannun bai isa ya rufe duka ba, sai ta ƙara ɗayan, jakarta na lilo a gwiwar hannu. Ta ɗaga kai ta sake karanta layukan sama haka nan, ba kowa a ƙarƙashinsu.

"Madam," in ji wani mai gadi daga bakin ƙofa, cikin ladabi. "Don Allah kar ki taɓa. Sabo ne."

Ta ce ya yi haƙuri, ta ɗauke hannuwanta.